Gidan reza na gamin tutiya: shekara nawa zai yi idan ana aski da shi kullum?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji da sayen rezar roba ta yarwa, ina so in koma gidan reza na ƙarfe, irin wanda ake kwancewa a sa masa reza mai baki biyu. Wanda kuɗina ya kai, an rubuta cewa kansa gamin tutiya ne da aka yi wa ruwan kurom. Wasu sun ce mini ko shekara biyu ba zai yi ba zai ruɓe, wasu kuma sun ce har jikokina sai sun gada. Kusan kullum nake aski. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu, kowa abin da ya gani a hannunsa ya faɗa. Harkar zubin ƙarfe da yi masa ruwa ita ce aikina, kuma ni ma da irin wannan gidan rezar nake aski, saboda haka bari in ba ka amsar a dunƙule kafin in warware ta.

Yawan aski ba ya cinye gidan reza. Gashi da fata da kumfar sabulu ba su da ƙarfin da za su goge kurom, ko da safe da yamma kake yi. Ran wannan kayan yana cikin ruwan da aka yi masa, wato siririn ɓawon ƙarfe mai ƙyalli da aka lulluɓe shi da shi, kuma a duk jikinsa wuri guda ne ke yanke hukunci, wato ɗan sandan nan mai haƙoran sukuru da ke ƙarƙashin murfi, wanda mariƙi ke ɗauruwa a kansa. Muddin ruwan bai huje ba, ƙarfen da ke ciki yana nan kamar ranar da aka zuba shi. Ranar da ya huje kuma danshi ya samu hanya, lalacewa ta fara, kuma ba ta komawa baya. A ganina, idan ka sayi na kamfanin kirki, kana busar da shi, ba ka tamke shi da ƙarfi, bai kuma sha faɗuwa a kan tayil ba, ya yi maka shekara goma ko fiye ba abin mamaki ba ne. Na banza kuwa, damina guda tana iya isarsa. Zancen jikoki dai, wannan na wani ƙarfen ne, zan zo kansa.

Abin da suke kira gamin tutiya sunansa Zamak a wajen masu sana'a. Wani kamfanin Amurka mai suna New Jersey Zinc ne ya fito da shi a 1929. Nau'in da aka fi zubawa, Zamak 3, kusan kashi 96 cikin 100 tutiya ce, kusan kashi 4 alminiyam, sai ɗan maganiziyam kaɗan. Zamak 5 an ƙara masa jan ƙarfe kimanin kashi 1 don ya ƙara ƙarfi. Yana narkewa da zafi ya ɗan haura digiri 380 a ma'aunin Salshiyos, alhali tagulla sai ta kai wajen 900, ƙarfe mara tsatsa kuma wajen 1400. Wannan sauƙin narkewar shi ne sirrin arharsa. Inji ne ke cusa narkakken ƙarfen cikin mazubi da ƙarfi, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya daskare ya fito da siffarsa cif, kuma mazubin ba ya saurin lalacewa tun da zafin bai yi yawa ba. Hannun ƙofa, kan famfo, kan bel, ɗan abin jan zif, yawancinsu da shi aka yi su.

Kada ka ɗauka arhar tana nufin askin zai yi muni. Abin da ke sa aski ya yi daɗi shi ne yadda murfi ya lanƙwasa reza da kuma tazarar da ke tsakanin bakin reza da kariya, wato gefen da ke tare fata a ƙarƙashin bakin rezar, kuma zubin Zamak yana fitar da wannan ma'auni daidai, dubu bayan dubu. Shi ya sa manyan sunaye suke amfani da shi ba tare da ɓoyewa ba. Merkur 34C da ake ƙerawa a garin Solingen na Jamus, kansa zubin tutiya ne, mariƙinsa tagulla. Haka kan Mühle R89 na Jamus, da Edwin Jagger DE89 na Sheffield a Ingila. Kamfanin Rockwell ma yana da tsari guda a ƙarfe biyu, 6C na gamin tutiya, 6S na ƙarfe mara tsatsa, kuma bambancin farashinsu mai yawa ne. Ƙarin kuɗin na ƙarko ne, fuskarka ba za ta bambance su sosai ba.

Mugun sunan da wannan ƙarfe ya yi yana da asali. A shekarun 1930 zuwa 1950 an zuba kayayyaki da yawa da tutiyar da ba ta da tsabta, mai ɗauke da dalma da kuza da kadmiyam. Waɗannan gurɓatattun suna taruwa a tsakanin ƙwayoyin ƙarfen, idan danshi ya shiga sai abin ya kumbura daga ciki, ya tsattsage, ya marmashe a ajiye ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Masu tara tsofaffin motocin wasan yara sun san wannan ciwo sarai. Maganinsa shi ne tutiya mai tsabtar kashi 99.99 cikin 100, kuma ƙa'idar zubi ta yau ba ta yarda dalma ta wuce kashi 0.005 cikin 100 ba, wato giram 50 kacal a cikin tan guda. Kamfanin da ke bin ƙa'ida ya rabu da wannan matsala tuntuni. Wanda ke narka tarkacen da ya tsinto ya zuba, shi ne har gobe kayansa ke marmashewa, kuma kai mai saye ba ka da hanyar ganewa da ido. A nan ne sunan kamfani yake da amfani.

Yanzu ga ruwan. Ba a ɗora kurom kai tsaye a kan tutiya, don ruwan sinadarin da ake tsoma kaya a ciki zai ci ta. Jan ƙarfe ake fara ɗorawa ya rufe ta, sannan nikel, sannan kurom a sama. Nikel ɗin shi ne ainihin garkuwar, kaurinsa a aikin kirki ya kan kai maikiron goma zuwa talatin, maikiron kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kurom ɗin da kake gani yana ƙyalli bai kai maikiron ɗaya ba, kuma don ka kwatanta, silin gashin kai guda yana kai wajen maikiron saba'in. Duka ukun idan ka haɗa, da ƙyar su kai kaurin gashi ɗaya. Akwai ma'auni na duniya, ISO 1456, da ya tsara kaurin da ya dace gwargwadon wahalar da kaya za su sha, amma babu mai tilasta wa kowace masana'anta ta bi shi. Mai son rage kuɗi nikel yake ragewa, domin shi ne mai tsada kuma shi ke cin lokaci a cikin kwami, kuma ran farko kayansa za su yi ƙyalli daidai da na kowa.

Akwai kuma wani abu da ke faruwa tun kafin a kai ga ruwa. Zubin Zamak yana da siririyar fata mai tauri a waje, a ƙarƙashinta kuma akwai ƙananan ramukan iska. Idan mai gogewa ya matsa wa injin gugar har ya cinye fatar nan, ramukan sun buɗe, ruwan sinadari ya maƙale a ciki, aka rufe shi da nikel. Irin wannan gidan rezar da ciwonsa ya baro masana'anta, komai kulawarka sai ya yi bororo.

Me ya sa ɗan huji kaɗan yake zama babbar ɓarna? Dubi kwanon rufi. Ƙarfe ne aka lulluɓe da tutiya, kuma ko an ƙarce shi ba ya saurin tsatsa a wurin, saboda idan ƙarfe biyu suka haɗu a cikin danshi, wanda ya fi saurin ruɓewa shi ke cinyewa ya kare ɗan'uwansa, tutiya kuwa tana gaba a wannan layi. A kwanon rufi wannan alheri ne, don tutiyar tana waje, tana da faɗi, a hankali take ƙarewa. A gidan reza an juya lamarin. Tutiyar ce a ciki, jan ƙarfe da nikel a waje. Da ruwa ya taɓa hujin, ƙaramin batir ya haɗu, kuma duk faɗin nikel ɗin nan yana jan wuta daga ɗan ɗigon tutiyar da ya bayyana. Cin ba ya bazuwa a sarari, rami yake haƙawa zuwa ciki da kuma ta ƙarƙashin ruwan. Garin da ke fitowa daga cin ya fi ƙarfen da ya ci girma, sai ya tura ruwan sama ya yi bororo, bororon ya fashe, sabon wuri ya buɗe. Abin da ya sa kenan za ka ga gidan reza ya yi shekaru lafiya lau, sannan cikin 'yan watanni ya lalace.

Mu koma kan sandan sukurun, don a nan mafi yawansu ke mutuwa. Gidan reza mai kashi uku yana da murfi, da faranti, da mariƙi, kuma a yawancin na Zamak sandan da murfin zubi guda ne. Matsaloli ne suka taru a wannan ɗan wuri. Wutar lantarkin da ake ɗora ruwan da ita ta fi son tudu da gefe, ba ta shiga lungu sosai, saboda haka cikin kwarin haƙoran shi ne inda ruwan ya fi siranta a duk jikin abin. Kuma shi kaɗai ne wurin da ƙarfe ke gugar ƙarfe, duk sanda ka canza reza haƙoran mariƙi na tagulla ko na ƙarfe suna bi ta kansa. Shi ne kuma wurin da ruwa ke kwanciya, domin ramin mariƙi rijiya ce da iska ba ta shiga, ka goge waje ya bushe amma ciki yana jiƙe har gobe. Ƙari a kan haka duk nauyin ɗauri a kansa yake. Alamar farko ita ce haƙoran su dushe su koma ruwan toka, ko ka ga baƙi-baƙi a yatsanka idan ka shafa. Daga nan ɗauri ya fara jin yashi-yashi. Wata rana kana juya mariƙi sai ka ji yana ta juyawa ba ya kamawa, ko sandan ya guntule daga gindinsa ya zauna a cikin mariƙin.

Tamkewa da ƙarfi tana gaggauta wannan. Tutiya tana da wata ɗabi'a, idan aka bar ta ƙarƙashin matsi na dogon lokaci tana miƙewa a hankali ko da babu zafi, ba kamar baƙin ƙarfe ba. Mutumin da ke murɗa mariƙi kamar yana ɗaure notin taya, ya kuma bar shi a haka wata da watanni, yana jan haƙoran ne kullum, kuma ruwan da ke kansu yana tsagewa. Reza ba ta buƙatar wannan. Da ka ji ta zauna ba ta motsi, ɗan ƙarin juyi da yatsu biyu ya isa. Haka nan idan za ka ɗaura, fara juya mariƙin baya kaɗan har ka ji haƙori ya faɗa gurbinsa, sannan ka yi gaba. Shiga a karkace sau ɗaya yana iya yanke ruwan haƙoran gaba ɗaya.

Faɗuwa ita ce ta biyu wajen kisa, kuma ita ba ta ba da sanarwa. Zamak yana da gautsi idan aka gwada shi da tagulla. Tagulla ta faɗi ta lanƙwashe, a miƙe ta a ci gaba. Shi kuwa idan ya faɗi ta kai a kan tayil ko siminti, nauyin mariƙi yana bugun sandan ta gefe, ko ya karye nan take ko ya yi tsagar da ido ba ya gani, wadda ruwa zai bi daga baya. Hannu mai sabulu da mariƙi mai santsi su ne sanadi, saboda haka zaɓi mariƙi mai kaushi, kada kuma ka riƙa ƙwanƙwasa kan a bakin sinki ko bokiti don gashi ya fita. Kaɗa shi a cikin ruwa ya wadatar.

Masu ce maka har jikoki, yawanci tsofaffin Gillette suke tunawa. King Camp Gillette ya samu takardar mallakar fasaharsa a 1904, kuma shekaru da dama kamfanin da tagulla yake ƙera kayansa ya yi musu ruwan nikel ko na zinari. Irin su Super Speed na ƙarshen shekarun 1940 da Fatboy na 1958 har yau ana aski da su. Idan ruwansu ya goge, rawayar tagulla ce ke bayyana, ta dushe, ta yi ɗan kore, amma ba ta ruɓewa, kuma ana iya sake yi mata ruwa ta dawo sabuwa. Ƙarkon da ake ba da labari na tagulla ne, kuskure ne a jingina shi ga duk abin da ke ƙyalli. Duk da haka akwai tsofaffin na tutiya da suka yi gomman shekaru suna aiki, waɗanda aka yi wa ruwa mai kauri kuma suka samu mai kula.

Wani abin da ke tsorata mutane a banza shi ne tabo. Ba kowane tabo ne lalacewa ba, kuma launinsa zai gaya maka. Ja ko ruwan ƙasa ba daga gidan rezar yake ba, Zamak ba ya jar tsatsa. Daga rezar da ka bari a ciki ne, ko da an rubuta mara tsatsa ce, don ƙarfen reza yana yin tabo idan ya kwana a jiƙe a matse. Wannan yana fita da buroshi. Fari mai kama da alli, wanda farce ke kankarewa a ga ƙyalli lafiyayye a ƙarƙashi, dattin sabulu ne da gishirin ruwa, musamman ga masu amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse mai barin farin ɓawo a tukunya. Shi ma ba komai, sai dai yana riƙe danshi idan ya taru. Wanda za ka damu da shi shi ne ƙuraje a jikin ruwan kansa, ko wuri mai ruwan toka da ya faɗa ciki yana fitar da farin gari. Wannan tutiya ce ke ci.

A wajen wanki ne mutanenmu suka fi kashe shi da hannunsu, da kyakkyawar niyya kuwa. Tutiya tana zaman lafiya ne a tsaka-tsaki, abu mai tsami sosai yana cinta, mai kaifin soda sosai ma yana cinta. Jiƙa shi a ruwan khal ko ruwan lemon tsami don farin ɓawo ya fita yana aiki a kan kurom lafiyayye, amma idan akwai huji ko a haƙoran sukuru, ka ba lalacewar abinci ne. Bilic irin su Hypo da Jik ya fi muni, don sinadarin kulorin da ke ciki yana huda nikel ɗin kansa. Toka da yashi da soson ƙarfe da ake goge tukunya da su, su kuma kankare kurom suke yi, ka tuna bai kai maikiron ɗaya ba. Tafasawa a kai a kai ba ta dace da shi ba, ruwan zafi da tururi suna hanzarta cin tutiya. Gasa shi a harshen wuta kuwa, kamar yadda wasu masu aski ke yi wa bakin kilifa, wannan halaka shi ne kai tsaye. Idan kana shafa alif bayan aski ko kana taɓa shi don hannunka ya daina santsi, ɗauraye gidan rezar sosai, alif ma yana da tsami.

Abin da ya isa kaɗan ne. Ruwan ɗumi, ɗigon sabulun wanke kwanoni, da tsohon buroshin haƙori mai laushi, sau ɗaya a mako ko duk sanda za ka canza reza. Idan kana son kashe ƙwayoyin cuta, tsoma kan a sifirit na ɗan lokaci ka cire, yana ma taimakawa wajen korar ruwa tun da yana saurin bushewa. Bayan kowane aski ka sassauta mariƙi, ka ɗauraye, ka yarfe ruwan, ka goge da tawul. Ni na fi son a raba shi uku a bar shi ya sha iska, amma akwai masu cewa yawan kwancewa yana ƙara gugar haƙora, kuma suna da hujja. Abin da ke raba gardamar shi ne mai. Ɗan basilin kamar ƙwayar gero a kan haƙoran, ko ɗigon man keken ɗinki, duk sanda ka canza reza, yana rage guga kuma yana hana ruwa zama. A duk shawarwarin nan babu wadda ta kai wannan amfani, kuma kusan kyauta ce. Wasu suna ƙara 'yar washa ta roba tsakanin mariƙi da faranti don kada mariƙi ya ci ruwan farantin, wannan ma dabara ce mai kyau.

Inda kake zaune yana da tasiri. Mutumin Kano ko Sakkwato ko Damagaram yana da sa'a, yawancin shekara iska a bushe take, da hunturu kuwa kafin ka gama sa riga abin ya bushe. Damina ce kawai lokacin lura. Wanda ke Legas ko Fatakwal ko Ankara ta ƙasar Gana ko Duwala, inda danshi ba ya ɗagawa kuma iskar teku ke ɗauke da gishiri, shi ne ya kamata ya ninka kulawa, ko ma ya yi tunanin wani ƙarfen tun farko. Ko'ina kake dai, kada ka mayar da banɗaki ma'ajiyarsa. Fito da shi ɗaki.

Wannan ya kawo ni ga wani abu da zai ba ka mamaki. Kai mai aski kullum ka fi mai yi jefi-jefi samun ƙarko. Da yawa daga cikinmu gemu a ajiye yake, rezar ta tsaftar jiki ce, hammata da mara, wadda sunna ta ce kada a wuce kwana arba'in ba a yi ba. Irin wannan mai amfani shi ne ke gamawa ya ajiye abin a tagar banɗaki, a jiƙe, a ɗaure tam, da reza da gashi a ciki, sai bayan makonni ya waiwaye shi. Makonnin nan duka batirin da na faɗa maka yana aiki. Kai kuwa kullum kana ɗauraye shi, kana ganinsa, duk abin da ya fara za ka lura da wuri.

Idan ka je saye, kwance shi a gaban mai kaya. Dubi ƙarƙashin murfi da farantin, inda ba a damu da yi wa kwalliya ba, a nan aikin gaskiya yake bayyana. Idan ka ga ƙuraje, ko wurin da launi ya yi rawaya-rawaya alamar kurom bai rufe nikel ba, ko haƙoran sukuru suna da kaushi, ajiye shi. Ɗaura mariƙin ka ji ko yana tafiya sumul ba tare da girgiɗi ba. Sa reza ka duba ko bakinta ya fito daidai ta ɓangarorin biyu. Maganaɗisu ba zai taimake ka wajen gane ƙarfen ba, tutiya da tagulla duk ba ya kama su. Abin da ke nuna zubi shi ne siririn layi inda mazubi ya haɗu, da ƙananan da'irori a ƙasa inda aka turo shi waje. Akwai kuma waɗanda aka dasa wa sandan tagulla ko na ƙarfe a cikin murfin tutiya, idan aikin ya yi kyau wannan ya rage babbar matsalar. Masu buɗewa ta sama kamar ƙyaure biyu kuwa, sun fi yawan gaɓoɓi da lunguna, kuma na arha a cikinsu sun fi saurin sakwarkwacewa. Mai kashi uku ya fi sauƙin busarwa.

Gyara fa? Gaskiya babu shi a kan kuɗin da ya dace. Walda ba ta kama shi yadda ya kamata, kafin ka ankara ya narke. Sake yin ruwa sai an cire tsohon, an haƙe kowane rami an cike, kuma ladan aikin ya fi kuɗin sabo. Idan cin ya tsaya a ƙarƙashin faranti inda ba ya taɓa fata, wanke shi, ka busar, ka ɗiga man farce mara launi a wurin, zai ja lokaci. Amma da zarar bororo ya fito a kan kariya ko gefen murfi inda ke bin fata, ko reza ta daina zama daidai, ka daina aski da shi. Ɓawon kurom da ya ɗago yana da kaifi, yana yanka, ga shi nikel ɗin da ya bayyana yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje.

Shawarata gare ka, tun da wannan ne na farkonka kuma shi kuɗinka ya kai, ka saye shi, amma na kamfanin da ke sa sunansa a jikin kayansa. Ba ka riga ka san irin kan da ya dace da fatarka ba, kuma zuba kuɗi mai yawa a kan na ƙarfe mara tsatsa kafin ka sani asara ce. Idan ka yi shekara kana jin daɗinsa kuma kana son abin da ba sai ka lallaɓa ba, akwai na tagulla masu sauƙin kuɗi irin na Fatip na Italiya, akwai na ƙarfe mara tsatsa irin Feather AS-D2 na Japan. Wanda ba zan ba shawarar Zamak ba shi ne mai shagon aski, domin kayan da ke yawo daga kai zuwa kai dole a riƙa tsabtace su da magani mai ƙarfi saboda ciwon hanta da sauran cututtukan da jini ke ɗauka, kuma wannan ƙarfe ba zai jure ba. A gida ma kowa ya riƙe nasa, ko ɗan'uwanka na jini kada ku haɗa.

Idan wata rana kan ya mutu, kada ka yar da mariƙin, musamman idan na tagulla ne. Mühle da Edwin Jagger duk suna sayar da kai shi kaɗai, kuma yawancin masu kashi uku na yanzu haƙorinsu ɗaya ne, wanda ake kira M5, saboda haka kan wani kamfani yakan hau mariƙin wani. Tsofaffin na Amurka ne ke da wani ma'auni da ya yi kusa da shi amma bai zama ɗaya ba. Idan ka haɗa ka ji yana cijewa tun juyi na biyu, tsaya, kada ka tilasta, haƙoran tutiyar ne za su ci.